Kurmin Baƙin Ruwa: Abin da Kano Ta Rasa da Abin da Ya Rage a Hannunta

Duk wanda ya shiga Kasuwar Kurmi ta birnin Kano a yau, ya ratsa ta wajen masu sayar da littattafai da masu kayan doki da 'yan turare, har ya ɓulla Jakara, ba zai ga wani abin da ya yi kama da kurmi ba. Rumfuna ne da kwano da siminti, sai kwata mai ɗauke da ruwan wanke-wanke da leda. Amma sunan yana da asali. Littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya juya daga Larabci zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa a zamanin Barbushe, tun kafin zuwan Bagauda, akwai wani kurmi a Jakara da ake kira Kurmin Baƙin Ruwa, saboda ruwan da ke wurin baƙi ne, kuma a can mutanen wancan zamani na jahiliyya suke yanke-yankensu. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa kasuwa a gefen wannan wuri.

Ko bayan da itatuwa suka tafi, ruwan bai tafi ba. Kyaftin Clapperton, mutumin Birtaniya da ya sauka Kano a farkon 1824, ya rubuta cewa wata babbar fadama ta kusa raba birnin gida biyu, kasuwa tana ci a tsakaninta, ga agwagin ruwa da manyan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ungulaye sun cika wurin. Ya kuma ambaci kududdufai masu yawa da aka samu ta hanyar haƙar ƙasar gini. Dokta Barth na Jamus, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar da ruwan Jakara yana nan kwance a tsakiyar gari a 1851.

To, yaushe ne agwagwar ruwa ta ƙarshe ta tashi daga Jakara? A wace shekara aka sare itacen ƙarshe na kurmin? Babu littafin da ya riƙe wannan, domin ba wanda aka ɗora wa aikin ƙidaya. Abin ya tafi da kaɗan kaɗan, kowane zamani yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin yadda wurin yake tun azal. Wannan shi ne babban abin tsoro game da kurmin fadama ko'ina yake a duniya: yakan mutu ne a ranar da aka janye masa ruwa, amma ba a ganewa sai bayan shekaru, sai fa in akwai mai lissafi.

KURMIN DA KE TSAYE CIKIN RUWA

Domin mai karatu ya fahimci irin abin da ake magana a kai, ya kamata a duba wuraren da irin wannan kurmi yake da rai har yanzu. A ƙasashen da ruwan sama ke zuba kusan duk shekara, kamar Indunisiya da Malesiya da kwarin Kogin Kwango, akwai dazuzzukan da itatuwansu ke tsaye cikin ruwa dare da rana. Ganye da rassa da saiwoyi suna faɗawa cikin ruwan, amma da yake iska ba ta ratsa su, ba sa gama ruɓewa. Sai su yi ta taruwa, wani bisa wani, har su dunƙule su zama wata irin ƙasa mai taushi kamar soso, wadda ba yashi ba ce, ba kuma yumɓu ba. Mutanen Indunisiya suna kiranta gambut, da Hausa kuwa ana iya ce mata taɓon ganye. Kaurin da take ƙarawa a shekara bai wuce kimanin milimita 1 ba, amma a tsibirin Borniyo akwai inda zurfinta ya haura mita 10, watau aikin dubban shekaru ke nan.

Ruwan irin wannan kurmi baƙi ne kamar shayin da ya ji dahuwa, kuma yana da tsami. Abin da ke rina shi wani sinadari ne da ke fita daga ganye da ɓawo, danginsa ɗaya da wanda majema ke samu a cikin bagaruwa don jimar fata.

Amfanin taɓon ganye ya kasu kashi uku. Na farko, yana tsotse ruwa da damina ya riƙa sakinsa sannu a hankali da rani, saboda haka yana rage ambaliya yana kuma hana koguna ƙafewa. Na biyu, rumbu ne na kabon, watau sinadarin da gawayi ya ƙunsa, wanda idan ya ƙone ya shiga sararin sama yake ƙara ɗumamar yanayi. Wuraren da ke da taɓon ganye ba su wuce kashi 3 cikin 100 na sandararriyar ƙasar duniya ba, amma kabon da ke binne a cikinsu ya fi wanda ke jikin itatuwan dazuzzukan duniya gaba ɗaya. Na uku, mafaka ce ga namun dajin da aka kore su daga sauran wurare, domin mafarauci da mai zarto ba sa jin daɗin tafiya inda ƙafa ke nutsewa.

Mafi girman irin wannan kurmi a ƙasashe masu zafi yana nan Afirka. A 2017 masana daga jami'o'in Ingila tare da takwarorinsu na Kwango suka fito da taswirar wani shimfiɗeɗen taɓon ganye a tsakiyar kwarin Kogin Kwango, mai faɗin murabba'in kilomita 145,500, ɗauke da kabon kimanin tan biliyan 30. Da aka sake awo a 2022, faɗin ya kai murabba'in kilomita 167,600, watau ya ninka Jihar Kano ta yanzu sau takwas. A cikinsa goggon biri da giwar kurmi suke zaune. A watan Maris na 1998 ba wanda ya san girman wannan taska, amma a watan Maris na 2018 ƙasashen Kwango biyu da Indunisiya suka sa hannu a wata yarjejeniya a Barazabil don tsare ta. A Nijeriya ma, akwai kurmin fadama a yankin Neja Delta, inda a 1993 masana suka gano wani jan biri da ba a samunsa ko'ina a duniya sai can, wanda a yanzu yana cikin jerin dabbobin da suke dab da ƙarewa.

Ƙasar Hausa ba ta da taɓon ganye mai kauri irin wannan, domin rani yana da tsawo, rana tana busar da ganye, gara kuma ta cinye sauran. Amma dokar da ke riƙe da kurmin Borniyo ita ce ta riƙe na Jakara, ita ce kuma ke riƙe da fadamun Haɗeja: ran kurmi yana ga ruwansa.

ABIN DA YA FARU DA INDUNISIYA

A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Shugaba Suharto ta ƙudura mayar da kadada miliyan 1 na kurmin fadama a Kalimantan ta Tsakiya gonakin shinkafa. Niyyar ba mummuna ba ce, ana son ƙasa ta ciyar da kanta. Aka haƙa magudanan ruwa da tsawonsu ya wuce kilomita 4,000 don a tsane ruwan. Ruwa ya tsane, amma shinkafa ba ta yi ba, domin ƙasar ta yi mata tsami. Kafin ƙarshen 1999 an yi watsi da aikin, aka bar magudanai suna ci gaba da zuƙe kurmin.

Taɓon ganye idan ya bushe ya zama makamashi. Da fari ya zo a 1997, wuta ta kama, ba a saman ƙasa kaɗai ba, har a ƙarƙashinta, tana ci a ɓoye kamar wutar ƙaiƙayi, makonni da watanni. Masana sun ƙiyasta cewa kabon da gobarar Indunisiya ta wannan shekara ta saka sama ya kai kashi 13 zuwa 40 cikin 100 na abin da duniya duka ke fitarwa a shekara ta hanyar ƙona fetur da kwal da gas. A 2015 aka sake maimaitawa: kadada miliyan 2.6 suka ƙone, hayaƙi ya rufe makarantu da filayen jiragen sama har a Singafo da Malesiya, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta asarar da dala biliyan 16.

Sai bayan wannan ne, a watan Janairu na 2016, Shugaba Joko Widodo ya kafa hukuma ta musamman don farfaɗo da wuraren da suka lalace. Babban aikin da aka ɗora mata a lokacin shi ne toshe magudanan nan da aka kashe kuɗi aka haƙa, don ruwa ya koma inda yake. Doka ta kuma tanadi cewa a wuraren da ake noma bisa taɓon ganye, kada ruwan ƙasa ya yi nisa fiye da santimita 40 daga sama. Watau dai an biya kuɗin fitar da ruwa, an biya kuɗin kashe gobara, an kuma biya kuɗin mayar da ruwa.

YADDA AKE ƘIDAYAR NAMUN KURMI

Yamma da inda aka yi wancan aikin shinkafa akwai kurmin Sebangau, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 2004. A nan ne ake da ɗaya daga cikin manyan garkunan birin nan mai jan gashi da ake kira orangutan, sunan da ke nufin mutumin daji da harshen Malay. An ƙiyasta akwai kimanin 6,000 a wurin. Tun 2016 wannan biri na Borniyo ya shiga jerin masu dab da ƙarewa.

Mai karatu zai so ya san yadda ake ƙirga dabbar da ke zaune can ƙololuwar itace a dajin da ba hanya. Ba dabbar ake nema ba, alamarta ake bi. Orangutan yakan lanƙwasa rassa ya yi sabon makwanci kusan kowane dare. Ma'aikata sukan yanka miƙaƙƙiyar hanya mai sanannen tsawo, su bi ta a ƙafa suna rubuta kowane makwanci da suka hango da nisansa daga hanyar. Da yake an san yawan makwancin da biri ɗaya ke yi, an kuma san tsawon lokacin da makwanci ke ɗauka kafin ya ruguje, sai lissafi ya fito da adadin birai a kowane murabba'in kilomita. Wani ƙaramin biri mai dogayen hannuwa da ake kira gibon kuwa, da kukansa na asuba ake ƙirga shi: mutane su tsaya a wurare uku, kowa ya rubuta ɓangaren da kuka ya fito da lokacinsa, sa'an nan a haɗa a kan taswira. Damisa da kyanwar daji, waɗanda ba sa yarda a gan su, kyamara ake ɗaure musu a gindin itace mai ɗaukar hoto da kanta idan wani abu ya gifta, kuma tun 2008 ake wannan aiki a Sebangau. A gefe guda ana binne bututu a ƙasa ana auna tashin ruwa da saukarsa.

Sirrin aikin ba ya cikin tsadar kayan aiki. Yana cikin maimaitawa: wuri ɗaya, hanya ɗaya, lokaci ɗaya, shekara bayan shekara. Ƙidaya ta shekara guda labari ce kawai. Ta shekara 20 kuwa hujja ce da za a iya ajiyewa a gaban gwamna ko alƙali.

KUDUDDUFAN BIRNI

A dawo gida. Abin da ya gaji kurmin Jakara a cikin birni shi ne kududdufai. Kusan kowace tsohuwar unguwa tana da nata, domin daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina gidaje da zaurukanta. Ita kanta ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta a farkon ƙarni na 12, ta bar dogon rami a bayanta, wanda ya riƙa cika da ruwa daga wajen Ƙofar Ɗan'agundi da Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya da Dukawuya. Waɗannan ramuka sun yi wa birni aikin da taɓon ganye ke yi wa Borniyo, ko da yake a ƙaramin mizani: sukan karɓi ruwan sama lokacin da ya sauko da ƙarfi, su riƙe shi har ya tsuma cikin ƙasa ya ciyar da rijiyoyi. A cikinsu ake samun tarwaɗa da kwaɗi da kunkuru, a bakinsu zalɓe da balbela suke kiwo.

Ba za a ɓoye aibinsu ba. Sun tara sauro da shara, sun kuma ci rayukan yara masu wanka. Amma maganin da aka fi yi musu shi ne a cike su da juji a yanka filaye, a gina shaguna da gidajen mai. Shi kuwa Jakara, an mayar da shi babbar kwata, kuma a tsakanin 2011 da 2015 aka fara aikin rufe shi da kankare da shimfiɗa titi a kansa, wanda jama'a ke kira Wuju-Wuju. Can gaba yana haɗuwa da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su gangara tare zuwa madatsar ruwa ta Wasai. Ruwan Jakara ya sake zama baƙi, amma wannan karon ba ganye ne ya rina shi ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk damina kuwa, ruwan da ya rasa kududdufin da zai kwanta yakan nemi tsakar gidajen mutane.

Ko ungulun da Clapperton ya gani ta zama abin nema. Dattawan birni sun san lokacin da take jere a kan katangun mahauta da bakin kasuwa, ba mai ko kallonta. A 2015 aka sa wannan ungulu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma farautarta da ake yi don sayar da sassan jikinta ga masu haɗa magani. Ita ma ta ɓace daga idon mutane ba tare da wani ya rubuta ranar ba.

FADAMAR DA MAKULLINTA KE KANO

Akwai sauran abin da bai kuɓuce ba tukuna. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kudu da birni su zama Kogin Haɗeja. Wannan kogi yana gangarawa gabas, inda shi da Kogin Jama'are suke bazuwa tsakanin tsofaffin tuddan rairayi, su yi rassa da tafkuna da tsibirai kafin su tattaru su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Wannan ita ce fadamar Haɗeja da Nguru. A cikinta akwai dajin Baturiya, inda bagaruwa da giyayya da kanya da goruba suke tsayawa cikin ruwa watanni a kowace shekara. Shi ne mafi kusa da kurmin fadama da ya rage a wannan sashe, kuma har zuwa 1991, lokacin da aka yanke Jihar Jigawa, cikin Jihar Kano yake.

Fadamar tana ciyar da mutane masu yawa. Manomi yana shuka shinkafa idan ruwa ya hau, ya bi danshi da wake da alkama da kayan lambu idan ya janye. Masunci yana samun kifi, makiyayi yana samun ciyawa lokacin da ko'ina ta bushe. Ruwan da ya kwanta kuma yana tsuma cikin ƙasa ya ciyar da rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogin.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Challawa. Alherin waɗannan ayyuka a fili yake: noman rani a Kadawa da Kura, da ruwan famfon da birnin Kano ke sha. Amma an yi su ne daidai lokacin da fari ya addabi ƙasa, kuma sun canja halin kogin. A da, kogi yakan cika ya tumbatsa da damina, ya ƙafe ƙaf da rani. Bayan madatsu sai ambaliyar damina ta ragu, ruwa kaɗan kuma ya riƙa gudana duk shekara. A shekarun 1960 da farkon 1970 ruwa yakan rufe kadada 250,000 zuwa 300,000. Daga baya aka wayi gari a shekaru da dama bai wuce kadada 70,000 zuwa 100,000 ba.

Wannan ruwa marar ƙarfi da ba ya yankewa shi ne ya buɗe wa ciyawar kachalla ƙofa. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, wasu rassan kogi suka toshe suka bushe, ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma da Tafkin Nguru ya cinye gonaki. A cikin kachalla tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa suke kwana, a nan kuma sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya suke hayayyafa. Bugu da ƙari, manyan motoci suna kwaso itacen wuta daga dazuzzukan yankin zuwa manyan garuruwa, Kano a kan gaba.

Wani bincike da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990 ya auna abin da ruwa ke samarwa idan an bar shi ya isa fadama, na noma da kifi da itace, da abin da yake samarwa a aikin ban-ruwa na Kogin Kano. Sakamakon ya nuna ribar kowane ma'auni na ruwa a fadama ta ninka ta aikin ban-ruwa sau da yawa. Wannan bai ce a rushe madatsu ba. Abin da masana suka ba da shawara shi ne a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Challawa a tsakiyar damina bisa tsari, don a kwaikwayi ambaliyar da aka saba.

ƘIDAYAR WATAN JANAIRU

Bambancin Baturiya da Jakara shi ne, a nan an yi ƙidaya. A 1987 aka kafa Shirin Kiyaye Fadamar Haɗeja da Nguru, da haɗin gwiwar Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya da ƙungiyoyin ƙasashen waje. A 1989 Yarima Philip na Ingila ya ziyarci tafkin Dagona da ke cikin yankin. Ma'aikatan shirin sun riƙa auna faɗin ambaliya ta jirgin sama, suna kuma ƙirga tsuntsayen ruwa a watan Janairu, lokacin da ake irin wannan ƙidaya a ƙasashe da yawa a tare, domin a lokacin baƙin tsuntsaye sun zauna wuri guda, ba za a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu ba. Masu ƙidaya sukan fita tun da sanyin safiya da madubin hangen nesa, a ƙafa ko a kwalekwale. Idan garke ya yi yawa, sai a ƙirga guntu na 100, a auna sauran da shi.

An rubuta irin tsuntsaye 377 a yankin. Akwai na gida, kamar dinya da kirinjijiya da zalɓe, akwai kuma baƙi, agwagi da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da ke ƙyanƙyasa a Turai da Rasha, su ƙetare Sahara su yi hunturu a nan. Ƙidayar 1995 ta ba da kimanin 260,000, ta 1996 kimanin 200,000, ta 1997 kuwa fiye da 320,000. Abin da lissafin ya tabbatar shi ne, yawan tsuntsaye yana bin faɗin ruwa. Saboda haka tsuntsu ma'auni ne: shekarar da ya ragu, a tambayi masunci da mai shinkafa, su ma sun ji a jikinsu.

Irin wannan hujja ce ta sa aka shigar da Tafkin Nguru da mashigar Marma a 2000, da Baturiya da Dagona a 2008, cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. A 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da dajin fadamar Haɗeja da dajin Falgore na Jihar Kano da na Apoi a Bayelsa, inda jan birin nan yake, su zama gandun daji na ƙasa.

Sai dai suna a takarda ba ya mayar da abin da ya tafi. Gauraka, mai tuntu kamar na zinariya, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasar Nijeriya, an ƙiyasta yawansa a ƙasar nan da fiye da 15,000 a farkon shekarun 1970. Fari da bushewar fadamu da kama shi da ake yi don kiwo a gidajen masu hali suka taru a kansa. A 1992 aka yi taron ƙasa da ƙasa a nan Kano musamman saboda shi, amma a ƙididdigar da aka yi daga bisani 'yan ƙalilan kawai aka samu a dajin Nijeriya. A yau ya fi sauƙi a ga gauraka a tsakar gidan attajiri da fiffike a datse, da a gan shi a fadama.

ABIN DA KE HANNUN MA'AIKACI DA ƊALIBI

Ba dokoki ne suka yi ƙaranci ba. Akwai Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963, da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 wadda ta sa filayen birni amana a hannun gwamna, da Doka ta 11 ta 1985 mai hana cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, da Doka ta 86 ta 1992 wadda ta wajabta a auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 2006 kuma jihohi shida da ke shan ruwan wannan kwari, watau Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa don kula da shi. Abin da ya rage shi ne aikin ofis na yau da gobe.

Da fari, ya kamata kududdufan da suka rage a birni su shiga rajista, kowanne da sunansa da iyakarsa a taswira, a fitar da su daga jerin filayen da ake rabawa, a kewaye su, a hana zuba shara. Jami'in ƙasa da safiyo da ya ƙi sa hannu a takardar cike kududdufi ya yi aikin da ya fi na motar yashe kwata goma. Na biyu, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, da jihohin da abin ya shafa, su riƙa bayyana wa jama'a jadawalin sakin ruwa tun kafin damina, a sa rabon fadama a ciki kamar yadda ake sa na gona da na famfo. Na uku, kuɗin ƙidaya ya shiga kasafin ma'aikata a matsayin abin da ba a taɓawa, domin ƙidayar da ta dogara ga taimakon waje takan tsaya ranar da taimakon ya ƙare, shekarar da aka tsallake kuwa ba ta dawowa.

Ɗalibai ma suna da nasu rabo. Tun 2015 ake wani shiri na zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jos ke jagoranta, inda 'yan sa kai ke rubuta abin da suka gani su aika ta wayar hannu. Ɗalibin Jami'ar Bayero ko na makarantar sakandare a Gwale ko Dala ba ya bukatar ya je Borniyo. Ya zaɓi kududdufi ɗaya, ya kafa sanda mai awo a bakinsa, ya riƙa zuwa ranar farko ta kowane wata yana rubuta tsayin ruwa da tsuntsayen da ya gani, da ranar da shamuwa ta fara sauka a unguwa. Idan ya gama karatu ya miƙa littafin ga na bayansa.

Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gobarar Kalimantan ta ci abin da aka yi dubban shekaru ana tarawa, kuma da takardar aiki mai kyakkyawar niyya ta fara. Kurmin Jakara ya riga ya tafi, sunansa kaɗai ya rage a bakin 'yan kasuwa. Na Baturiya yana nan tsaye, ruwan da zai sha baɗi kuwa yana bayan ƙofofin Tiga da Challawa, a hannun ma'aikatan da da yawansu a birnin Kano suke kwana. Allah Ya ba su ikon riƙe amana.